Sabon Saitin Tannie Ralie

Ranar Asabar ɗin da Ralie Kritzinger ta yarda idonta ya gaji, babu iska, babu hadari, babu wani abin da za ta ɗora wa laifi. Ta tsaya a layin harbi na kulob ɗinsu da ke bayan garin Jansenville, ta ɗaga fistol, ƙaramar bindigarta, da hannu biyu, ta nemi saitin gaba, ɗan baƙin ƙarfen nan da ke tsaye a kan hancin bindiga. Da can tana ganinsa tar, har 'yan layukan da aka zana masa. Yau sai ta ga kamar ya tsiro gashi. Ta kawo shi cikin tsagar saitin baya, ita ma tsagar ta narke. Baƙi ya shige cikin baƙi, ga baƙin tsakiyar allon da ake harbi can nesa yana iyo. Ta dai ja kunama don kada na kusa da ita su ga ta daɗe.

"Ƙasa, hagu," in ji mijinta Wessel daga bayanta. Yana zaune a kujerar tafi-da-gidanka, ya kafa ido a madubin hangen nesa mai ƙafa uku. "Kin fizgi kunama, tsohuwa."

"Ban fizga ba."

"To, ita ta fizgi kanta ke nan."

Ta ci gaba da harbi. Sauran harsasan suka watsu a allo kamar an watsa wa kaji tsaba.

Ralie ba don harbi ta fara zuwa filin nan ba. A shekarun da suke gonarsu ta awaki masu dogon gashi, Wessel ne ɗan kulob, ita kuwa bin sa take yi da bokitin ƙullu, ta soya wa maza fanke da kirfa a ƙarƙashin rumfar kwano. Wata rana ana cikin raha wani ya miƙa mata fistol ɗin mijinta, ya ce ta gwada su gani ko hannun da ke juya fanke zai iya wani abu. Ta goge hannu a rigar girkinta, ta zuba harsashi biyar a wurin da tafin hannu ɗaya zai rufe. Dariya ta ɗauke. Wessel ya karɓi bindigarsa, suka koma gida. Washegari ya jera mata gwangwanaye a bakin madatsar ruwan gona, ya fara koya mata. Kafin shekara ta zagayo bindigar ta zama tata, shi ya je ya sayi wata.

Karatun nasa bai da yawa. Kan saitin gaba ya yi daidai da kan na baya, hasken da ke dama ya yi daidai da na hagu. Ta kalli saitin gaba, ta manta da allo, allo ba ya zuwa ko'ina. Kuma shi ke shafa wa saiti baƙi. Rana a yankinsu na Karoo tana da ƙarfi, in ta bugi ƙarfe sai ya yi ƙyalli ya yaudari ido. Wessel yana da 'yar fitilar kabaid ta tagulla, gadon wani kawunsa da ya yi aikin haƙar zinariya. Kafin a fara gasa zai ɗiga mata ruwa, dutsen kabaid ɗin da ke ciki ya fitar da iska mai kama wuta, ya kunna, ya bi da harshen wutar a kan saitin baya da na gaba har su yi baƙi ƙirin kamar karammiski. Warin kabaid, mai kama da na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, shi ne warin Asabar a wurin Ralie. A cikinsa 'ya'yansu biyu suka tashi, suna tsintar kwanson harsashi cikin huluna.

Yanzu ɗayan yana Pretoria, ɗayar ta haye teku. Fari ya ci awakin, aka sayar da gonar, suka dawo wani ƙaramin gida a cikin gari kusa da coci. Sannan rawar hannu ta kama Wessel. Tun yana ɓoye hannun a aljihu har ya daina, ya rabu da bindigarsa da kansa tun kafin wani ya ce masa ya rabu da ita. Abin da ya rage masa a filin shi ne kujera, da madubi, da fitila.

Ana tattara kaya a ranar sai ga Zukiswa, malamar asibiti da ta shiga kulob ɗin 'yan shekarun baya, wadda yanzu ba mai iya kamo ta a cikin mata. Tannie take kiran Ralie, Wessel kuma Oom, wato gwaggo da kawu a harshensu.

"Tannie Ralie, ba hannunki ba ne," in ji ta. "Ina kallon ki. Hannunki ya fi nawa tsayuwa. Kin je wurin likitan ido?"

"Na je, 'yata. Ya ba ni tabarau. In na sa na karatu ina ganin saiti, allo ya ɓace. In na sa na tuƙi ina ganin allo, saiti ya ɓace. Na ce ya haɗa mini su biyun, ya haɗa, sai na koma ina ɗaga kai ina sunkuyarwa kamar ƙadangare."

Zukiswa ta yi dariya, ta nemi izinin alƙalin fili, ta miƙa mata tata bindigar. "Gwada wannan."

A cikin saitin gaban akwai wani ɗan tsinken roba ja mai shan hasken rana. Da Ralie ta ɗaga, sai ta ga ɗigon ja yana ci kamar garwashi a tsakiyar tsaga. Ba ta neme shi ba, shi ya same ta. Ta harba biyar. Huɗu suka shiga baƙin tsakiya, ɗaya ya tsaya a bakinsa.

Ta waiwaya. Wessel ya riga ya ɗauke ido daga madubi, yana ƙoƙarin ninke ƙafafunsa.

"Oom Wessel, ka gani?" in ji Zukiswa.

"Na gani. Na ɗauka an kunna fitilun Kirsimeti tun watan Maris."

"Fitilun Kirsimetin nan ne suka kayar da matarka sau uku bana."

"Matata ta shekara ashirin tana kayar da maza da baƙin ƙarfe zalla, lokacin ke kina tallan majina."

"Ai na ji labari, Oom. Shi ya sa nake so ta dawo ta kayar da ni, in samu abin faɗa wa jikokina."

A gida ba a ta da maganar ba sai da aka kwana biyu. Suna karin kumallo, yana tsoma busasshen burodi a gahawa da hannu biyu don kada ya zubar, ta ce masa za ta kai bindigar wurin Sedick mai gyaran bindiga, wanda suke kira Boeta, wato yaya.

"A yi mata me?"

"A canza saiti."

"Saitin nan Sedick ne ya fere shi da hannunsa. Ba a taɓa yin irinsa ba."

"To sai ya fere wani. In ba haka ba zan ajiye harbin, Wessel. Ba zan riƙa zuwa ina ba yara tausayi ba."

Ya daɗe yana kallon gahawarsa. Sannan ya ce in za a je, a je ranar Laraba, ran nan hanya ba manyan motoci da yawa.

Ita ta tuƙa a-kori-kurar, don shi ya daɗe da barin tuƙi. Suka bi ta cikin ƙaya da duwatsu zuwa Uitenhage, garin da yanzu ake kira Kariega amma bakin Wessel ya ƙi karɓa. Hanyar nan sun bi ta ba adadi a da, yara a baya cikin bargo, akwatin harsashi a ƙarƙashin kujera, za su gasar lardi. Ralie ta san kowace gada. Ta san inda suka taɓa tsayawa taya ta fashe, Wessel yana canzawa ita tana haska masa, ɗansu yana kuka wai an bar kofin da uwarsa ta ciyo a kan rufin mota. Da suka wuce wurin ta saci kallon mijinta, ta ga shi ma can yake kallo.

Boeta Sedick Abrahams maƙerin bindiga ne, shagonsa na bayan gidansa. Shi da Wessel sun san juna tun zamanin da doka ta hana irin su Sedick shiga kulob ɗin fararen fata, yana gyara bindigogin da ba a yarda ya harba a fili ɗaya da masu su ba. Da aka soke dokar, Wessel ne ya fara ɗaukar sa a mota zuwa gasa, kuma a gasar farko Sedick ya kayar da shi. Tun daga ranar ba su daina tsokanar juna ba.

"Ralie, har yanzu kina fama da wannan tsohon bunsurun?" in ji Sedick da ya buɗe musu. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, tabarau biyu na rataye a wuyansa.

"Ba wanda zai karɓe shi, Boeta."

"Ka tsufa, Sedick," in ji Wessel.

"Kai kuwa ka ƙara yarinta. Zauna kafin ka faɗi a kan kayana."

Matarsa ta aiko da shayi da samosa. Sedick ya karɓi bindigar, ya duba ya tabbatar ba harsashi, ya juya ta a hannu kamar mai duba jikan da ya daɗe bai gani ba. Ya shafa saitin gaba da babban yatsa, ya kalli baƙin da ya bar masa.

"Har yanzu kana turara ta da fitilar nan mai wari? Mutane sun daɗe da komawa feshi na gwangwani."

"Feshi na masu gyaran gashi ne."

Ralie ta faɗa masa abin da ke damun ta. Bai yi mamaki ba. Ya ce duk wanda ya daɗe a harbi sai ya zo wannan gaɓar, shi kansa ya zo ta tuntuni. Ya ce tsagar da ya yi mata a da siririya ce ƙwarai, don idon mace mai shekara talatin, wadda siririn haske ya ishe ta. Ya jawo wani faifan katako, ya zube mata saituna a kai, sannan ya ce kallo a tebur ba ya gaya wa mutum komai. Akwai ɗan filin gwaji a bayan shagon, dogon lungu mai tudun yashi a ƙarshe, rabinsa a buɗe rana na shiga. Ya fito da bindigogi huɗu, kowace da irin saitinta.

Ta fara da mai fararen ɗigo uku, biyu a baya ɗaya a gaba, a jera su a layi ɗaya. Ta ɗaga, idonta ya yi ta tsalle daga wannan ɗigo zuwa wancan, na bayan sun ma fi na gaban haske.

"Wannan kamar mutum uku na yi mini magana lokaci guda," in ji ta.

"Na 'yan sanda ne," in ji Wessel daga kan benci. "Su da ba sa samun komai ko da ɗigo goma."

Ta biyu tana da babban farin ɗigo a gaba, bayan kuwa ba tsaga, sai ɗan kwari mai faɗi da ɗigon ke zama a ciki. Ta gan shi da sauri, amma da ta kai shi kan allo sai ya rufe baƙin tsakiya gaba ɗaya. Sedick ya ce wannan na mai tsaron gida ne da abu zai zo masa kusa, ba na mai neman maki ba. Ta uku ta fi burge ta a ido: ɗan ƙwallon zinariya a kan saitin gaba, irin na mutanen da. A rana ya yi kyau, yana sheƙi a hankali ba ya ihu. Amma da Sedick ya ce ta ɗan matsa inuwa, sai ya dushe, kuma ta lura in rana ta bugo shi ta gefe ɗaya hasken yana gocewa can, harsashi ya bi shi.

"Wannan dai ya yi kama da na mutunci," in ji Wessel. "In dole ne."

Ta huɗu irin ta Zukiswa ce, sai dai tsinken kore ne. Ralie ta ɗaga. Jan da ta gwada ran nan yana ɗan bazuwa a idonta kamar tauraro, wannan kuwa ɗigo ne ƙarami mai kaifi, a rana da inuwa duka. Ta harba, ta sake harbawa. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata inda suka shiga ba. Wani abu da ta manta daɗinsa ya dawo mata a ƙirji, sanin inda harsashi zai faɗa tun kafin ƙarar ta gama fita.

Ta sauke bindigar. Wessel ya kawar da kai.

Sedick ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya dubi agogo. "Azahar ta yi. Bari in yi salla. Ku yi faɗanku kafin in dawo, amma kada ku fasa mini komai."

Suka koma cikin shagon su biyu. Wurin na warin mai da ƙarfe. Wessel ya miƙa hannu ya ce ta ba shi tsohuwar bindigar. Rabon da ya riƙe ta don saiti an yi shekaru, shafa baƙi kawai yake yi ya mayar. Ta duba ta tabbatar ba komai a ciki, ta ba shi. Hancin ya yi ta rawa a iska. Ya ɗora hannuwan a kan wani buhun yashi da ke kan tebur, ya nufi bango, ya rufe ido ɗaya. Ya ɗaga tabarau, ya mayar. Ya miƙe hannu, ya tanƙwashe.

"Haka kike ganin sa?" ya tambaya.

"Yaya kake ganin sa?"

"Kamar wutsiyar zomo."

"To haka."

"Tun yaushe?"

"Bana shekara ta biyu."

Ya ajiye bindigar a hankali. "Ni kuwa ina ta cewa kin fizgi kunama."

"Wani lokacin ina fizga. Haushi ke sa ni."

Ya ɗauki saitin mai koren tsinke daga kan faifan, ya kai shi kusa da taga, ɗigon ya kama. Ya juya shi, ya taɓa robar da farce.

"Wannan abin ba ya son wuta," in ji shi. "Ko kusa da shi aka kai fitila zai narke."

Muryarsa ba ta canza ba, kamar mai faɗin farashin gashin awaki. Amma Ralie ta shekara arba'in da wani abu tana jin muryar nan. Sai a lokacin ta gane abin da suke ta ja a kai tun Asabar: ba saitin ba ne, aikin fitilar da ya rage masa ne. Ta tuna yadda yake tashi da sassafe ranar gasa ya wanke fitilar, ya daddaka kabaid, ya sa ta cikin tsohuwar safa. Ta tuna cewa in yana bi da wutar a kan ƙarfe, yana dafe gwiwar hannu a cinya, rawar tana raguwa har kusan ta tsaya. Ba ta ce masa ta gane ba, don ta san ba zai so ba.

Da Sedick ya dawo yana warware hannun riga, ta ce, "Boeta, koren nake so a gaba. Amma na bayan ba na son sabo. Ba ɗigo, ba fenti, ba komai. Nawa na da nake so, baƙi zalla. Za ka iya faɗaɗa tsagar?"

"Shi ne ma daidai. Ido ya samu abu ɗaya da zai kalla. Manyan 'yan gasa haka suke yi yanzu."

"Kuma in ka goge shi da magagari zai yi ƙyalli ko?"

"Zan shafa masa maganin baƙi, ba zai..." Sedick ya dube ta, ya dubi abokinsa da ke kallon taga. Ya sosa gemu. "Amma maganin zamani ba ya daɗewa. Ranar Karoo kuwa kin san ta. Sai an riƙa turara shi kafin kowace gasa, in ba haka ba aikina ya tashi a banza."

"Na faɗa muku feshi ba ya komai," in ji Wessel.

Sedick ya ɗaure bindigar a tebur, ya sa tabarau ɗaya a kan ɗaya, ya fara cin tsagar da siririn magagari. Ya ci kaɗan, ya ba ta ta duba, ya sake ci. Wessel ya jawo kujera kusa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Suna aikin suna tuna mutane: wanda ya taɓa harbin allon maƙwabcinsa ya ci masa gasa, da limamin cocin da ke zuwa harbi da kwalar wuyansa, da shekarar da ruwa ya cinye filin Cradock aka ƙarasa gasa tsaye cikin taɓo. Yawancin waɗanda suka ambata sun mutu. Sai la'asar suka kamo hanya, da ragowar samosa a takarda da 'yan tsinkayen kore na canji a cikin ƙaramar leda.

Gasar kulob ta gaba ta faɗo a wata Asabar mai zafi. Ralie ta shimfiɗa bindigar a teburin duba makamai, Wessel ya zauna, ya ɗiga ruwa, ya kunna fitila. Tana gaisawa da wata mata ta juya baya. Ya bi da wuta a kan saitin baya, dama da hagu, ya yi baƙi yadda yake so. Daga nan hannun ya wuce gaba da kansa, kamar yadda ya saba wucewa shekara da shekaru.

Warin ƙonanniyar roba ne ya juyo da ita. Koren tsinken ya lanƙwashe, ya zama ɗan baƙin ƙulli yana hayaƙi. Wessel na riƙe da fitila, bakinsa a ɗan buɗe.

"Na manta," in ji shi. Kunnuwansa sun yi ja.

Ralie ta dubi saitin, ta dubi fuskarsa, dariya ta taso mata ta danne, ta sake tasowa. Ta zauna a benci ta yi ta yi har da hawaye. Da ya ga haka shi ma ya fara, kafaɗunsa na girgiza.

"Ina na canjin da Sedick ya ba mu?" ta tambaya tana share ido.

"Na adana su."

"A ina?"

"A gida. Cikin gwangwanin shayi."

An riga an fara kiran sunaye. Zukiswa ta zo ta leƙa, ta riƙe baki. "Oom Wessel, ashe da gaske kake ba ka son Kirsimeti."

"Yarinya, in kina da taimako ki yi, in ba ki da shi ki tafi ki yi wa wani allura."

Zukiswa tana da na canji a jakarta, amma ja ne. Ta zare ƙonannen da ɗan hantsaki, ta zura sabo, ta yanke da abin yankan farce. Saura a narka bakinsa biyu kaɗan don ya zauna, ita kuwa ba ta shan taba, ba ta da ashana. Ta ɗauki wuƙar aljihun Wessel ta ce ya riƙe mata fitilar, ta gasa bakin wuƙar, ta dangwala wa tsinken gaba da baya. Ya zauna daram.

Da jan tsinke Ralie ta yi gasar ranar. Yana ɗan bazuwa a idonta, amma tana ganin sa, ga haske wadatacce dama da hagu a sabuwar tsagar. Ta zo ta uku a cikin kowa da kowa, maza da mata. Zukiswa ce ta ɗaya. Da aka zauna cin gasasshen naman rago a ƙarƙashin rumfar kwano, mutane suka yi ta zuwa suna cewa Tannie ta dawo. Wessel kuwa ya tare duk wanda ya zauna kusa da shi yana masa bayani cewa da koren ne da ba a ga ƙurarta ba, ja na masu gaggawa ne, kore shi ne na masu hankali.

"Oom, makon jiya fa cewa ka yi duk abin wasan yara ne," in ji Zukiswa.

"Makon jiya ban yi bincike ba."

Daga ranar, in zai turara saitin baya, Ralie takan naɗe hancin bindigar da jiƙaƙƙen ƙyalle tukuna. Shi kuwa sai ya jira ta gama, sannan ya kunna fitila.

Da suka buga wa Sedick waya suka ba shi labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce su zo ƙarshen wata, in sun samu hali. Zai rufe shagon. Idonsa ya kai inda tabarau biyu ba sa isa, 'ya'yansa kuma ba mai sha'awar sana'ar. Wani saurayi daga Gqeberha zai kwashe injinan. Aikin Ralie na cikin na ƙarshe da ya yi.

Suka je. An riga an kwashe rabin kayan, bango duk shacin inda abubuwa suka daɗe a rataye. Matar Sedick ta dafa shinkafa da naman rago mai kayan ƙamshi, aka shimfiɗa ledar cin abinci a kan babban teburin aikin, su huɗu suka ci a nan. Tsofaffin biyu suka yi ta musu a kan wanda ya ci wata gasa a Oudtshoorn, kowa ya rantse shi ne, matan suka bar su. Da za su tafi Sedick ya rako su har mota. Ya riƙe hannun Wessel mai rawa da nasa biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Ka riƙa zuwa, bunsuru. Ba sai da bindiga ba."

"In tsohuwa ta yarda ta kawo ni."

"Zan kawo shi, Boeta," in ji Ralie.

Kafin su fita gari Wessel ya yi barci, kansa a jingine da gilashi. Ralie ta rage rediyo. Can wajen Wolwefontein hadari ya haɗu a kan duwatsu, ɗigon farko ya bugi gilashin gaba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo motar. Ta yi tunanin ta tashe shi ya gani, don rabon yankin da ruwa an daɗe. Ta bar shi ya ɗan ƙara, sai da ruwan ya kankama sosai sannan ta taɓa gwiwarsa.